Ƙafa Ta Kai?

Duk layin masu gyara babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Kunne ake ce masa, shi kuma ya amsa tun shekara ashirin da suka wuce. Bakaniken babur ne, irin wanda ba ya kwance inji sai ya saurare shi. Ka turo masa babur, zai ce ka tayar, ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido ruf. Bayan minti ɗaya ko biyu ya buɗe ya ce, "Bawul ne," ko kuwa, "Fistin ɗinka ya gaji." A kwance a tarar haka ne. Wannan rufe idon shi ne abin alfaharinsa, don a cewarsa fenti kaɗai ya isa ya ruɗi ido. Mutumin kirki ne, amma ba ya son a koya masa aikinsa, ko da wasa.

Yana da ƙane guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun suna yara ake kira Guntu. Sunan bai zalunce shi ba. Ya kai shekara arba'in, yana da 'ya'ya tagwaye da furfura a gemu, amma har yau in zai ɗauko abu a saman kabad sai ya jawo kujera. Aikin yankan takarda yake yi a wata maɗaba'a, kilomita shida daga gidansa. Da ƙafa yake zuwa har gwiwarsa ta hagu ta fara ba shi matsala. Wani lokaci yana tsaye lafiya lau sai ta lanƙwashe ba sallama. Motar haya kuma ta daina bin layinsu. Shi ne ya yanke shawarar sayen babur na hannu, ya ce Yaya ne zai zaɓa masa.

Ranar da za su je, matar Guntu ta riga shi zuwa gareji. Maman 'yan biyu mace ce mai sanyin magana, ba ta cika shiga harkar maza ba, shi ya sa Kunne ya ajiye sifana da ya gan ta tsaye a bakin rumfa.

"Yaya, ina kwana? Wata alfarma na zo roƙa, kafin ya iso."

"Faɗi, maman 'yan biyu. In dai ba cewa za ki yi in ƙara masa tsawo ba."

Ta ɗan murmusa, ba ta yi dariya ba. "Ni ban san inji ba, Yaya, wannan naka ne. Gwiwar nan tasa nake tsoro. Don Allah ka zaɓa masa wanda in ya tsaya zai taka ƙasa da tafin ƙafarsa duka biyu. Kada ka tambaye shi, ka san halinsa, ba zai taɓa cewa bai kai ba. Ka duba da idonka."

Kunne ya ji wani ɗan zafi a ransa. Shi za a gaya wa yadda ake zaɓen babur? Amma ya danne, ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. Zan duba."

"Da idonka, Yaya."

"Na ce zan duba."

Shagon dillalin wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano, babura jere kamar takalma a bakin ƙofa, ko'ina warin fetur da sabon fenti. Dillalin mutum ne mai faɗin ƙirji da yawan dariya. Ya fito musu da guda uku.

Na farko wani gajeren babur ne mara giya, irin wanda ake zama a kai kamar kujerar falo. Guntu ya hau, ƙafafunsa suka zauna daram a ƙasa. Kunne ya saurara, ya yamutsa fuska. Akwai wani ɗan ƙas-ƙas a ciki.

"Wata shida zai fara shan baƙin mai," in ji shi. "Sauka."

Na biyu babur ne na kowa da kowa, ba tsawo ba gajarta. Shi ma kunnen Kunne ya kama masa laifi. Gaskiya laifin bai taka kara ya karya ba, aikin rabin yini ne a hannunsa, amma bakanike a gaban dillali ba ya son a ga ya yi sassauci.

Sai na uku. Dillalin ya turo shi yana shafa tankin. "Wannan sufamoto ne, oga. Ƙirar babur ɗin daji, amma tayoyin kwalta aka sa masa. Ba nauyi, ga birki kamar me, in ya shiga rami ba ka ma sani ba. Don zirga-zirgar cikin gari babu kamarsa."

Dogo ne, siriri, fari da shuɗi, sirdinsa ya kusa kai wa Guntu haƙarƙari. Idon Guntu ya kawo haske tun kafin a tayar. Duk rayuwarsa daga ƙasa yake kallon mutane, ga kuma abin da zai ɗaga shi sama da rufin ƙananan motoci. Kunne ya lura da tsawon, ba za a ce bai lura ba. Ya ma buɗe baki zai yi magana, sai dillalin ya danna maɓalli.

Injin ya tashi da wata murya mai tsabta wadda Kunne ya yi shekaru bai ji irinta ba. Bugu ɗaya bayan ɗaya, ba gardama, ba tari. Maganar da ke bakinsa ta koma ciki. Ya durƙusa, ya ɗora sukudireba, ya rufe ido.

"Hau ka murza mini totur, ina son in ji shi da nauyi a kai."

Ya ji motsin hawa, ya ji babur ya ɗan karkata, ya ji an tallafo shi. Dillalin ne ya riƙe kan babur ɗin da hannu biyu, amma wannan Kunne bai gani ba. Guntu ya murza, injin ya amsa. Daɗi ya ratsa Kunne har ƙeya. Can cikin daɗin ya tuna da alkawari, sai ya yi tambaya, ido a rufe, kunne a manne.

"Ƙafa ta kai?"

"Ta kai har da saura, Yaya," in ji Guntu.

Dillalin ya yi dariya, Kunne ma ya yi. Kafin ya buɗe ido Guntu ya riga ya zame ya sauka, yana karkaɗe wando. Kunne ya so ya ce a sake hawa ya gani, amma ya ga fuskar ƙanensa, ya ga dillalin da wasu masu saye biyu suna kallo. Cewa ƙaton magidanci ya sake hawa a auna ƙafarsa a gaban jama'a tozarci ne. Ya bar maganar. Shi da kansa ya tuƙa babur ɗin zuwa gida, Guntu a baya yana ta zuba kamar yaron da aka saya wa keke.

Maman 'yan biyu ta fito ta tsaya tana kallon tsawon abin. Ta kalli mijinta, ta kalli Kunne.

"Yaya, ka gani?"

"Na gani."

"Da idonka?"

"Haba, maman 'yan biyu, sau nawa zan faɗa? In ya zauna sirdin yana nutsewa. Na gani."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta yi godiya har da ɗan rusunawa. Ƙarya ce ya yi mata, ya kuma san ƙarya ce. Ya gaya wa kansa cewa ranar Asabar zai sassauta bayan babur ɗin, ya rage soson sirdi, shi ke nan magana ta zama gaskiya. Asabar ta zo da babura bakwai a gareji. Ta gaba ma haka.

Shi kuwa Guntu ya samo dabararsa, bai gaya wa kowa ba. Tsakanin gida da maɗaba'a danja huɗu ce. A kowace sai ya raɓe gefen dama, ya ɗora ƙafa a kan dakalin bakin titi, ya tsaya cif kamar dogon mutum. Inda babu dakali sai ya zame gefe ɗaya na sirdi ya yi ɗage a kan yatsu. A gida yakan jira matarsa ta shiga ciki kafin ya hau, ko ya tura babur ɗin har bakin layi wai kada ƙara ta tashi yara. Duk lokacin da ya biyo ta gareji, kusa da wani tsohon bulo yake tsayawa, Kunne kuma ya fito yana cewa, "Kada ka kashe, bari in ji muryar nan," ya rufe ido.

Sati bakwai aka yi haka.

Ranar wata Talata da safe masu gyaran titi suka tone gefen dama na danja ta uku, suka kwashe dakalin, suka tura kowa layin tsakiya. Guntu ya samu kansa tsakanin wata ƙaramar mota da tirelar siminti. Danja ta nuna ja. Ya zame ya miƙa ƙafar hagu, sai ya tarar wurin akwai ɗan kwari, inda kwalta ta lotsa kusa da murfin magudanar ruwa. Bai fi faɗin yatsu huɗu ba. Yatsunsa suka taɓa ƙasa da ƙyar, gwiwar ta ɗauki nauyin duka, ta lanƙwashe. Ya faɗi ta wajen tirelar daidai lokacin da danja ta ba da hannu. Direban tirelar yana can sama, bai ga komai ba, ya ja mota, sai ihun mutane ya ji.

Bai mutu ba. Likitoci suka yanke ƙafar dama daga saman gwiwa, wato lafiyayyar, suka bar masa mai ciwon.

Kunne ya yini uku a barandar asibiti, a kan benci, hannunsa duk baƙin mai bai ko wanke ba. Da aka bari ya shiga, ya tarar da ƙanensa ya ƙara ƙanƙancewa a cikin farin zanen gado, bargo ya kwanta shafal a inda ya kamata ƙafa ta tokare shi. Guntu ya yi ƙoƙarin wasa.

"Yaya, ka ga sun ƙara rage ni. Da ma can yaya nake?"

Guntu ya leƙa ƙofa ya tabbatar matarsa ba ta kusa, ya rage murya. "Na gaya mata mai ne ya zube a titi, santsi ya kwashe ni. Kai ma haka za ka ce."

Haka Kunne ya ce, ga duk wanda ya tambaya. Mutane suka yi ta Allah ya kiyaye gaba, suna zagin masu zubar da mai a hanya. Da aka sako babur ɗin daga hannun 'yan sanda aka kawo shi gareji, madubi ɗaya ne ya fashe, sai ƙujewa a tanki. Kunne ya jingina shi a lungu ya lulluɓe da buhu. Ya tsani abin, amma ya san in ya danna maɓalli muryar nan tana nan yadda take, wannan kuma ya fi komai ci masa rai.

Bayan sati biyu, da hantsi, maman 'yan biyu ta shigo rumfar da jakar leda a hannu. Ta rame. Ta gaishe shi cikakkiyar gaisuwa kamar kullum, ta tambayi iyali. Sannan ta buɗe ledar ta fito da takalman aikin Guntu, ta jera su a kan teburin kayan aiki, tsakanin sifanu, ta kifa su tafin yana sama.

Dunduniyar takalman sabuwa ce, zanen roba bai ko goge ba. Bakin kuwa, wajen yatsu, ya cinye har fata ta fito, musamman na hagu.

"Ni nake goge masa su kullum da safe," in ji ta, muryarta a kwance. "Tun sati na uku na ga bakin yana cinyewa. Na tambaye shi, ya ce sa giya ne. Raina bai kwanta ba, Yaya. Sau biyu ina sa mayafi zan bi shi bakin layi in ga yadda yake hawa. Sai in ce wa kaina, ke kuma wace ce? Yaya ya ce ya gani da idonsa."

Kunne ya kalli takalman.

"Jiya na je wurin dillalin," ta ci gaba. "Ya ce shi ya riƙe masa kan babur ranar. Ya ce ƙafa ɗaya a kan yatsu take, ɗayar tana lilo. Na ce me ya hana shi magana? Ya ce ai ya zo da babban bakanike, kuma yayansa ne, ya zaci ya gani."

A waje wani ya tayar da babur, kunnen Kunne ya kama ƙarar da kansa, ya gane sarƙa ce ta saki. Ya ji kunyar hakan ta rufe shi.

"Ba faɗa na zo yi ba. Shi ya roƙe ni kada in zo, yana ta kare ka daga kan gado. Zan kula da shi, zan ɗaga shi, zan kwantar da shi, wannan nawa ne har ƙarshen rayuwa. Abu ɗaya nake so in ji daga bakinka, don in daina zargin kaina ni kaɗai. Ranar nan, ka gani?"

Kamar yadda Kunne ya saba duk lokacin da yake neman inda matsala take, idanunsa suka rufe da kansu.

"A'a, Yaya," in ji ta. "Buɗe idonka. Ka kalle ni ka faɗa."