Yatsun Majema

Shekara ashirin da bakwai Malam Gali ya yi a ƙofar wani kamfanin jimar fata na gwamnati a Challawa. Aikinsa zama a kan benci, yana shaida wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba. Ma'aikata ɗari huɗu ne, amma ko tari ɗayansu ya yi a bayan katanga, Gali zai faɗi sunansa.

Da gwamnati ta sayar da kamfanin, sabon mai shi ya sallami fiye da rabin mutane, ya kafa wata na'ura a ƙofa, kowa ya dangwala yatsa ta shaida shi. Gali na cikin waɗanda aka sallama. Rabuwa da benci bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne katin asibitin kamfani, wanda matarsa Rahamatu ke karɓar maganin hawan jini da shi. Ƙarshen wata katin zai daina aiki.

Rana ta tara da sallamarsa, yana ƙofar gida a Panshekara yana kallon wani ƙadangare mai wutsiya biyu, sai ga Abdulbaqi, sabon manaja, gumi ya jiƙe masa riga.

"Baba, ku taimaka. Na'urar nan ta ƙi mutanenmu. Tsofaffin ma'aikata sun dangwala har sun gaji, ta ce ba ta san su ba."

Gali ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Yaro, ka taɓa duba hannun majemi? Gishiri da farar ƙasa sun cinye zanen yatsunsu tun kana goye. Sumul suke kamar ƙwai. Me za ta karanta?"

"To ku dawo gobe. Amma na wucin gadi ne, albashin bai kai na da ba."

"Da kati?"

"Masu wucin gadi ba su da kati, Baba."

Gali ya mai da ido kan ƙadangarensa. "To a gaida na'ura."

Abdulbaqi ya koma gefe ya daɗe yana waya, yana sosa ƙeya. Da ya dawo ya ce, "Mutum nawa za a sa a katin?"

Gali ya leƙa zaure ya ɗaga murya. "Rahamatu! A wanke min shuɗiyar rigar nan, gobe da sassafe zan fita."