Ba Ƙafata Ba Ce

Motar Vernon Dubek ta tsufa, shi ma haka, amma ita ta fara ja masa raini a gaban 'yarsa. A tsaye inji na kaɗawa sumul. In ka take totur har ƙasa, sai ta ɗauki wuta kamar sabuwa. Amma da ka taɓa shi rabi-rabi, irin takun cikin gari, sai ta cije kamar za ta mutu, sannan ta fizga gaba. Haka ta yi ranar Lahadi suna dawowa daga coci shi da Charlene, 'yarsa tilo, har kofi ya zube mata a siket.

"Baba, ƙafarka ce ke rawa," in ji ta. "Tsufa ne, ba abin kunya ba. Ka ba ni makullin nan tun kafin ka hau kan ɗan mutane."

Wai ba abin kunya ba! A garin da babu bas, babu tasi, ko burodi za ka saya sai ka hau babban titi, wanda aka karɓe wa makulli ai an gama da shi. Sai zaman bakin taga, ana jiran a tuna da kai. Da ƙyar ta yarda ta bar shi zuwa Asabar ya nuna mata laifin motar ne.

Ya tare a gareji. Ya kwance fulogi, lafiyarsu lau. Ya canja matatar mai, ya gwada ƙarfin famfon mai, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne ko wani na shan iska. Duk a banza. Duane, mijin Charlene, ya leƙo da gwangwanin lemo a hannu, mutumin da ko taya bai iya canjawa ba.

"Baba, wannan akwalar ai sai 'yan gwangwan. Wahalar da kanka kawai kake yi."

"Kai dai ɗauke gwiwar hannunka daga jikinta," Vernon ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

Abin da ya fi ci masa rai, shi ma ya fara shakka. Yana cin abinci sai ya kama kansa yana leƙen ƙafarsa a ƙarƙashin tebur, ko za ta motsa da kanta. Tsoro ya ji, tsoro na gaske.

Ranar Alhamis ya zauna ya yi tunani da kyau. Da mai ne ke yankewa, ai a gudu za ta fi shaƙewa. Wannan kuwa wuri ɗaya take cijewa kullum. Sai ya tuna da 'yar na'urar da ke maƙale a jikin totur, mai gaya wa ƙwaƙwalwar mota iya takun da aka yi. Ya jona mata tsohuwar mitarsa mai allura, ya riƙa buɗe totur da hannu a hankali. Allura ta hau, ta hau, kwatsam ta faɗi ƙasa warwas, ta sake tashi. Ya maimaita, ta sake faɗuwa a daidai wurin. Shekara da shekaru yana zuwa kamfanin sukari ƙafarsa a ɗore wuri ɗaya, har cikin na'urar ya cinye a nan. Vernon ya yi dariya shi kaɗai har da hawaye, ya je ya sayo sabuwa ya ɗaura.

Ranar Asabar Charlene ta zo da Duane a a-kori-kurarsa. Vernon ya sa Charlene a gaban motarsa ya zaga da ita gari, yana taka totur rabi-rabi da gangan. Mota ta tafi lumui.

"To, sarkin sani, me kika ce yanzu? Karɓi ki gwada da ƙafarki."

Ta karɓa, ta zaga layi ta dawo, amma ba ta kashe inji ba. Gilashi kawai ta sauke.

"Kai, Baba, hannunka na nan! Hankalina ya kwanta. Dama Kelsey za ta tafi kwaleji wata mai zuwa, fizgar nan ce kawai ta hana mu ba ta."

Kelsey jikarsa ce. Da wane baki zai ce a hana ta?

"Charlene, na nuna miki ba ƙafata ba ce."

"Na gani. Wannan karon ba ita ba ce. Mu dai mun riga mun gama magana, Baba, kada ka sa ni kuka."

Can ya ji Duane ya ta da a-kori-kura. Sai a lokacin ya gane abin da ya sa suka zo su biyu. Da ya bar motar da ciwonta, da ba mai kallonta.

Ya tsaya bakin gareji da baƙin mai a hannu, yana sauraren injin da ya sani kamar muryar ɗan'uwa. Charlene ta hau titi a hankali, totur rabi-rabi. Ya riƙe numfashi yana roƙon motar ta cije, ko sau ɗaya. Har ta sha kwana ba ta cije ba.