Sahu Uku na Lawali Mai Littafin Yaƙi

"Kashe injin nan, na ce!"

"Ba zan kashe ba."

Mahadi bai ko ɗaga kai ba. Ya ƙara danna injin gurza a jikin ƙofar ƙarfen da yake haɗawa, tartsatsi ya watsu har gindin katanga. Ta saman katangar maƙwabcinsa Lawali ya leƙo, da bargo a kafaɗa, a cikin wannan zafi na Jalingo. Da bargon yake lulluɓa in zai karanta littafinsa a waya, wai don murya ta fita tas.

"Sau huɗu ina maimaita shafi ɗaya. Murtuku yana bakin kogon matsafa, ƙarar banzarka tana shiga."

"Ka ce masa ya jira a ɗauke wuta. Ni da wutar nake ci."

"Kai dai mai walda ne. Me ka sani?"

"Na san ƙafarka ta kumbura kamar turmi. Na san idonka ya koma ruwan ɗorawa. Ka je asibiti, Malam Lawali."

"Namiji ba ya kai rauninsa kasuwa."

"Wannan ai maganar Murtuku ce, a babi na tara. Shi takarda ne. Kai kuwa hanta gare ka."

Gefen bakin Lawali ya motsa, abin da a wurinsa shi ne dariya.

"Ashe kana saurare."

Kansa ya ɓace daga saman katanga. Mahadi ya yi tsaki, ya ƙara wa injin wuta har ƙarfen ya yi ja.

Gaskiya ce, yana saurare. Duk samarin Yelwa suna saurare, da na Turaki, da wasu a garuruwan da Lawali bai taɓa takawa ba. Littattafan yaƙi yake rubutawa, na takobi da tsafi, ya karanta da muryarsa mai kauri, a rarraba a waya. Jaruminsa guda ɗaya ne. Murtuku ba mutumin kirki ba ne. Sojan haya ne da ya yanka sarkin da ya raine shi. Yakan ceci gari daga hannun boka mai shan jinin jarirai, in sun fito da kiɗa za su gode masa sai su tarar ya tafi, ya kuma tafi da dokin waziri. Ba ya sallama. Ba ya godiya. Ba ya cin abinci a gaban mutum. In aka yi masa tambaya, sai ya ci gaba da wasa takobinsa.

Mahadi ya san abin da ke jan su, don shi ma yana jansa. A unguwar nan saurayi ba zai kai bakin titi ba sai ya durƙusa sau goma, ga baffa, ga kawu, ga wani dattijon da bai taɓa ba shi ko ƙwayar gyaɗa ba. A zage ka, ka ce na gode. Sai ka sa abin ji a kunne, ga mutum guda wanda gwiwarsa ba ta taɓa taɓa ƙasa ba. Wa zai ƙi?

Abin da Mahadi ya raina shi ne, Lawali ya sha maganin da ya haɗa wa wasu. Tun da ya bar aikin buga takardu, ya zama Murtuku mai silifa. Shekara goma sha ɗaya bai je suna ba, bai je ɗaurin aure ba, bai bi gawar kowa ba. Ranar da mahaifin Mahadi ya rasu, Lawali ya ratsa ta gefen masu zaman makoki da ledar batir a hannu, bai ce uffan ba. Jarumin da matarsa Asta ke soya awara a ƙofar gida don ya samu kuɗin biro.

Kwana tara bayan wannan faɗan, ranar Talata da hantsi, Mahadi yana buɗe shago ya ji muryarta ta bayan katanga.

"Mahadi. Zo ka duba mini shi."

Ba ta yi kuka ba. Ya shiga. Ɗakin yana warin man zafi da tsohuwar takarda. Lawali yana kwance a gefen dama, bargon a ƙafafunsa, hannunsa a kan wani littafin rubutu mai shuɗin bango. Mahadi ya taɓa wuyansa. Ya yi salati, ya shafe masa ido.

"Sai haƙuri, Adda Asta."

"Ɗauke wannan daga gabana," ta ce, tana nuna littafin da haɓa.

Ya zare shi daga ƙarƙashin hannun, ya cusa a aljihun rigar aiki.

"'Yan'uwansa na Zariya ya yanke su tun kafin ka shiga sakandare. Ni kuma ba ni da namiji a garin nan." Ta gyara mayafi. "Abu ɗaya nake roƙo. Malam ya ce wanda sahu uku suka yi wa salla, ana sa masa rai da rahama. Kada a sallace shi kamar wanda aka tsinta a kwata. Sahu uku, Mahadi. Zan tsaya a bayan ƙofa in gani."

Ya so ya ce mata mijinta bai cancanci ko rabin sahu ba. Ya dubi hannunta, duk tabon mai.

"To," ya ce.

Baffa Manga, ladanin masallacin unguwa, ya saurare shi yana jan carbi.

"Allah ya jiƙansa. Shela zan yi, wanka ma zan yi, wajibi ne. Amma ɓingel, yarona, kada ka ruɗi kanka. Jana'iza adashe ce. Wanda bai zuba ba, me zai kwasa?"

"Sahu uku matar take so."

"Kai! Sahu uku? Ni, da kai, da tsofaffin nan biyu da ba sa rasa gawa ko ta wace ce. Liman a gaba. Ƙirga da kanka."

An yi shela a lasifika, an ce ƙarfe biyu bayan azahar. Mahadi ya bi shagunan layin ɗaya bayan ɗaya, shi da ya tsani roƙo. Mai shayi ya ce madararsa za ta lalace. Tela ya ce, "Wane Lawali? Au, sadaukin? Ai ka kira aljanunsa su ɗauke shi." Mai kanti ya ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da kowa ya san fassararta. Sai Andrawus mai akori-kura, wanda ba a ma tambaye shi ba, ya fito daga ƙarƙashin motarsa yana goge hannu.

"Mutumin nan shekara goma bai ce mini sannu ba. Amma matan shi yana gaishe ni kullum, yana ba yarana awara. Salla naku ne, ba zan iya shiga ba. Motan dai yana nan. Ni zan tuƙa."

Mota ta samu. Sahu ne babu.

Mahadi ya koma, ya karɓi wayar mamacin. A guruf ɗin masu saurare akwai mutum ɗari tara da wani abu. Ya rubuta gajeren saƙo: marubucin ya rasu, ga unguwa, ga lokaci. Kafin ya ajiye wayar ta fara rawa a hannunsa. Hotunan fuska mai hawaye. Hotunan takubba. Wani ya rubuta cewa zaki ya faɗi. Wani ya ce duniya ba ta cancanci irinsa ba. Daga saƙo na ashirin zuwa ƙasa, tambaya ɗaya ce ake ta juyawa: to yanzu ya Murtuku zai fita daga kogon?

Ƙarfe ɗaya da rabi suka iso. Su takwas, cikin ɗari tara. Baƙaƙen riguna, wasu da rawani a naɗe har hanci kamar masu tsoron mura. Ba su yi sallama ba. Suka tsaya tsallaken hanya a ƙarƙashin dalbejiya, kowa ya harɗe hannu a ƙirji, kowa ya ɗaure fuska yana kallon nesa, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa don ya ga wa ya fi iyawa. Hadari yana haɗowa ta bayan duwatsu.

Mahadi ya tsallaka. Babbansu, wani dogo mai suna Siddiq da ke sayar da katin waya a unguwar Sarkin Dawaki, ya yi magana ba tare da ya dube shi ba.

"Kai ne ka yi saƙon?"

"Ni ne. Ga buta can. Ku yi alwala."

"Ba taro muka zo ba. Mun zo mu tsaya daga nesa. Shi zai gane."

"Ya mutu. Ba abin da zai gane."

Muryar da Siddiq ya aro ta ɗan zame.

"An ce akwai babin ƙarshe. Ya bar shi?"

Mahadi ya zaro littafin rabi daga aljihu, shuɗin bangon ya bayyana. Idanu goma sha shida suka bar kallon nesa a lokaci guda. Ya mayar da shi.

"Ku yi alwala, ku shiga sahu, ku ɗauki makara, ku zuba ƙasa. Sannan in ba ku. In kuwa ba haka ba, ina da wutar walda a shago, takarda ba ta yi mata wuya."

"Ciniki kake yi da mu a kan gawa?"

"Jaruminku ɗan haya ne. Ku ma yau an ɗauke ku haya."

Ba wanda ya yi dariya. Ɗaya bayan ɗaya suka warware rawani, fuskokin yara suka fito, masu ƙurajen balaga. Suka yi layi a gaban buta.

Aka fito da Lawali a likkafani, aka ajiye a ƙofar gida. Mahadi da kansa ya jera su, yana jan wannan ta hannun riga, yana tura wancan: huɗu, huɗu, huɗu. Sahun bai kai faɗin ƙofar shagonsa ba. Ya waiga. Ƙofar langa-langar gidan ta buɗe kamar faɗin yatsa biyu.

Liman ya yi kabbara. A kabbara ta biyu, uku daga cikin sadaukan suka sunkuya ruku'u. Ba su taɓa sallar gawa ba, ba su san a tsaye ake yin ta ba. Suka tsinci kansu a duƙe su kaɗai, suka miƙe da sauri, ɗaya har ya buge na gabansa. Baffa Manga ya yi gyaran murya mai kama da gurnani. Mahadi ya kafa idonsa a kan likkafanin, ya yi wa mutumin da bai gaishe shi mutuwar ubansa ba addu'a, kalma bayan kalma, kamar mai biyan tara.

Aka yi sallama. Ƙofar ta rufe a hankali.

Andrawus ya kai su har bakin maƙabarta, ya tsaya a jikin mota ya cire hula. Daga nan kafaɗa ce. Taku talatin Siddiq ya yi ya fara haki, yana neman mai canjinsa. Mahadi ne ya shiga ramin shi da Baffa Manga. Lawali ba nauyi, kamar damin kara. Aka jera itace, aka sa ganye, aka kwaɓa ƙasa aka toshe. Yayyafi ya fara sauka kafin a gama.

A bakin ƙofar maƙabarta Siddiq ya miƙo hannu. Mahadi ya ba shi. Suka yi masa rumfa da kawunansu, suna kare littafin daga ruwa, irin karewar da ba su yi wa makarar ba. Siddiq ya buɗe shafin ƙarshe, leɓensa yana motsi. Ya juya bayan shafin. Fari.

"Bai gama ba. Har yanzu yana cikin kogon."

"Sai ku shiga ku fito da shi," in ji Mahadi. "Ku zo mu koma ku yi wa matarsa gaisuwa."

Siddiq ya sa littafin cikin riga, ya sake naɗa rawaninsa. Fuskar aro ta dawo.

"Mu ba ma bankwana."

Suka tare Keke biyu, suna gardamar wanda zai fara ɗaukar hoton shafukan.

Da la'asar ruwan ya ɗauke. Baffa Manga ya aiko da tabarmi uku daga masallaci, aka shimfiɗa a ƙofar gidan, inda maza za su zauna karɓar gaisuwa har kwana uku. Shi kansa ya zauna kaɗan, ya yi fatiha, ya ce gwiwarsa, ya tafi. Tsofaffin biyu sun ji an yi wata rasuwar a Turaki. An dawo da wuta, ƙwan shagon Mahadi yana ci a banza, amma ba a tayar da injin gurza a jikin katangar gidan mutuwa. Ya cire takalmi, ya zauna a tsakiyar tabarmar farko, ya jingina da bango.

Tela yana ɗinki. Mai shayi yana fifita wuta. Masu wucewa sukan rage sauri, su dubi tabarmin, su ɗaga hannu daga nesa. Wata akuya ta hau tabarma ta uku ta kwanta, bai kore ta ba.

Ƙamshin kunun gyaɗa ya fito daga cikin gida. Ya ji takun Asta ya zo ya tsaya a bayan ƙofar, da ƙarar kofunan silba suna gogar juna a faranti.

"Mahadi," ta ce a hankali. "Kofi nawa zan zubo?"