Ranar da Alhaji Garga Ya Kama Sunanta

Tun da aka haifi Halimatussa'adiya, mahaifinta Alhaji Garga bai taɓa kama sunanta ba. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka "Uwata" yake ce mata, ko da faɗa zai yi mata.

Yarinya ta girma ta kutsa karatun fiziks, ɓangaren kwantum, inda ake bin diddigin ƙwayoyin da ido ba ya gani. Lissafin da ta riƙe shi ne nazarin rukunoni. A nan ba a tambayar mene ne abu a karan kansa, sai dai a zana kibiyoyin da suka haɗa shi da sauran abubuwa. A ganinta kibiyoyin nan su ne gaskiyar, in an cire su ba sauran abin da za a nuna.

Ta taɓa yi wa tsohon wannan bayani a shagonsa na shadda da ke unguwar Briqueterie. Ya yi dariya har ya saki almakashi.

"Wato Uwata, in kowa ya manta da ni, shi ke nan na ɓace?"

"A lissafi dai haka ne, Baba."

"Allah ya shirye ki, ke da *thèse* ɗin nan naki, kundin digirin da kike ta rubutawa."

Bara ciwon mantuwa ya kama shi. Ya manta hanyar masallaci, ya manta abokan kasuwa, ya manta ƙannenta. Ita kaɗai ta rage, kullum ta dawo daga jami'a da fargaba take shiga ɗakinsa, sai ta ji "Uwata" hankalinta ya kwanta.

Ranar Laraba ta kai masa kunun gyaɗa. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo.

"Baiwar Allah, ya sunanki?"

Ta durƙusa ta faɗa masa.

"Halimatussa'adiya," ya maimaita tiryan-tiryan, ba nauyin baki, ba kunya. "Suna mai daɗi. 'Yar gidan wa?"

Ta duba hannayenta. Ga su nan, ga tabon ƙunar da shi da kansa ya shafa wa zuma tana ƙarama. Komai nata yana nan, amma Uwata babu ita a ko'ina. Shekaru tana fafutukar tabbatar da wannan magana ta kibiyoyi, yau ta tabbata, ba ta kuma taɓa ƙin wani abu kamar yadda ta ƙi ta ba.

"'Yar Alhaji Garga ce," ta ce.

"Madalla. Ki gaishe shi."