Tanderun Zebuniso

Hikmatullo ya ɗaga tabarmar da ya rufe kayansa a rumfar yayarsa Zebuniso, ya tarar wayam. Jakunkuna tamanin ne na ƙasa, kowacce da lambarta. Sati shida ya yi yana reto da igiya a gangaren bayan ƙauyensu, yana kankarota hawa-hawa.

Ƙura ce da ta taru shekara dubu ashirin da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta danne arewacin duniya, iska mai nauyi ta yi zaman dirshan a Saberiya tana tunkuɗo guguwa kudu. Da kaurin ƙwayar kowane hawa ake gane ƙarfin iskar zamaninsa. Jibi zai kai su ɗakin bincike a babban birninsu Dushanbe, aikinsa na ƙarshe kafin ritaya. Gangaren kuwa dusar ƙanƙara ta rufe shi jiya.

Zebuniso tana tsakar gida, hannu duk laka, tana shafe sabon tanderun gurasa.

"Yaya, ina ƙasata?"

"Ga ta nan, Allah ya yi maka albarka. Shekara biyu ina roƙon mazan gidan nan su ɗebo mini, sai Farfesa ne ya tuna da ni."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rasa da wa. A ƙauyen nan ba a ɗebo wannan ƙasa sai don bango ko tanderu. Kuma sau nawa ta tambaye shi aikinsa yana cewa, "Ba za ki gane ba"? Shekara talatin yana koya wa 'ya'yan wasu, ya kasa yi wa yayarsa bayanin minti biyu. Wannan ba ilimi ba ne, girman kai ne da tabarau.

Ya zauna a kan bokiti, ya faɗa mata komai.

"To, jakunkunan dai na wanke maka su, na jera." Ta goge hannu. "Amma ba ka iya zaɓen ƙasa ba. Ta farko lukwi ce kamar fulawa. Daga wajen jaka ta arba'in sai tsaki-tsaki, ta ƙi kamawa, sai da na tankaɗe. Can gaba ta sake laushi."

Hikmatullo ya dubi hannuwanta. Ya zaro littafinsa daga aljihu, ya gyara zama.

"Yaya, a hankali. Daga lamba nawa zuwa nawa?"