Ranar da Maigida Ya Share Shagon Bahago

Bahago ya gane shi tun kafin ya juyo. Mai aski da ƙeya yake sanin mutum, kuma ƙeyar nan da ta bayyana a madubi, mai ita yana kokawa da ƙofar gilashi da hannu bibbiyu, shekara tara Bahago ya yi yana tsaye a bayanta. Maigida ne, mutumin da ya koya masa aski.

Gashin ne ya fara ba shi tsoro. Tunda yake da Maigida bai taɓa ganin tsiro a kansa ba. Duk bayan kwana uku yake kafa madubi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ya yi wa kansa tal-kwabo da reza, kuma ko da wasa bai taɓa yarda hannun wani ya hau kansa ba. Yau ga furfura ta yi cunkus, gemu ya yi buzu-buzu. Da tsohon ya cire hula, sai Bahago ya ga dalili. Hannun rawa yake yi, hular ma da ƙyar ta shiga aljihu.

"Bahago, an wuni lafiya? Kai, wuri ya yi kyau."

A kan kujerar aski kuwa Darakta ne zaune, ƙyalle ɗaure a wuya. Wannan Darakta mai koyar da mutane yadda za su tsara rayuwarsu ne, a babban ɗakin taro, da abin magana maƙale a kunne. Wata shida da suka wuce Bahago ya je laccarsa ya dawo kamar an sake shi. Ya sayi littafin rubuta burika, ya fara tafiyar safe, ya fitar da talabijin daga shago, ya sallami 'yan zaman hira. Sannan ya kafa doka: ba a aski sai wanda ya sa suna ta waya, kowane kai minti ashirin da biyar.

In za a faɗi gaskiya, abin ya yi masa rana. Ciwon baya ya tafi, yana komawa gida ido na ganin ido, har yaransa sun daina yi masa kallon baƙo. Sai dai gyaran ya zo masa da baki. Ko minti biyar ba a yi ba da ya gama ce wa Darakta, yana karkaɗa almakashi, "Ni fa ranka ya daɗe, ko ubana ne ya shigo, sai ya sa suna a waya." Darakta ya ji daɗi har ya ce zai tsayar da shi gaban mutane a lacca mai zuwa, a ga misali.

Yanzu ga idon Darakta a madubi, yana kallon tsoho, yana kallon Bahago.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Bahago.

Baba ya ce, irin Baban da ake ce wa kowane tsoho a bakin titi. Shi da kansa ya ji yadda kalmar ta fito, kunnuwansa suka ɗau zafi.

Maigida bai nuna ya lura ba. Ya ɗaga hannun damansa yana murmushi, kamar mai kawo ƙarar ɗa. "Aski na zo. Wannan ya ƙi ni, sati biyar ke nan. Na ce da Innarku, to, in dai dole sai wani ya taɓa kan nan, Bahago ne."

Abin da Bahago ya yi shekaru yana mafarki ke nan. Duk waɗanda suka fito daga hannun Maigida, su goma sha wani abu, babu wanda bai taɓa roƙon ya yi masa aski ko sau ɗaya ba, kuma kowa dariya ya samu. Yau ga shi an kawo masa har shago. Da ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan maigidana ne," da magana ta ƙare. Maimakon haka sai ya ɗauko waya ya shafa ta sama, ya shafa ta ƙasa, alhali ya san abin da ke ciki.

"Baba, yau a cike nake har yamma. Ka ɗan zauna, in wani bai zo ba sai in sa ka."

"To, ba komai. Aikinka ne."

Darakta ya gyaɗa kai a hankali, har Bahago ya ɗaga injin aski don kada ya ɓata layi.

Maigida ya zauna a benci. Amma mutumin da ya yi shekara arba'in yana faɗa a kan gashi a ƙasa ba zai iya zama yana kallon sa ba. Bai yi minti uku ba ya miƙe, ya ɗauko tsintsiya a bayan ƙofa, ya fara shara daga lungu zuwa tsakiya, yadda ya koya wa kowa. Tsintsiyar tana karkarwa a hannunsa, gashin yana watsewa, yana sake tarawa.

"A'a, har ka ɗauki ma'aikaci?" in ji Darakta. "Madalla! Abin da nake faɗa muku ke nan, a raba aiki. Kuma ka taimaki dattijo." Ya leƙa ƙasa. "Baba, ga can ƙarƙashin kujera, ka bar wani."

Maigida ya tsaya. Bai kalli Darakta ba. Madubi ya kalla, daidai inda fuskar Bahago take, ya jira.

Bahago ya buɗe baki. Ya ga ɗakin taron nan, ya ga kansa tsaye ana tafa masa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Uhm." Ya sunkuyar da kai yana gyara sajen da ya riga ya gyaru.

Tsohon ya dafa hannun kujera, ya duƙa da ƙyar, ya share ƙarƙashin.

Darakta ya tafi yana yabo. Kafin ƙofa ta rufe na gaba ya shigo, wani direba, daidai kan lokaci. Ai Bahago ya horar da mutanensa, ba mai makara ko fashi. Bayan direba aka yi mai shagon magani, bayan shi wani malamin makaranta da ya zo da jarida. Kowa ya shigo sai ya ga tsoho da tsintsiya jingine a gwiwa, ya ce masa sannu da aiki. Da kowane sannu da aiki maganar tana ƙara yin nauyi a bakin Bahago, don yanzu in ya ce maigidansa ne, dole a tambaye shi me ya sa ya bar shi da shara.

Yana aski hannunsa na hagu yana tuna masa. Lokacin da yake neman inda zai koyi sana'a, shago uku suka kore shi, wai bahago zai yanke wa mutum kunne. Maigida ne ya karɓe shi. Da ya ga koyarwar ta ƙi shiga, sai ya yi wata guda yana riƙe almakashi da hagu, yana gwadawa a kan tsohon buroshi, har yatsunsa suka yi kanta, don dai ya san ta inda zai nuna masa. Bahago ya tuna wannan sarai, kuma duk da haka bai ajiye injin ba. Kunya ce ta riƙe shi, ita ce kuma ta hana shi yin abin da zai fitar da shi daga cikinta.

A tsarinsa akwai minti goma na shan ruwa da miƙe baya. Da lokacin ya yi, ya zubo ruwa a kofi ya kai wa Maigida, ya tsuguna yana magana ƙasa-ƙasa.

"Maigida, minti goma ba zai isa kanka ba. Ka ƙara haƙuri kaɗan."

"Au, ka tuna sunan?" Tsohon ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. Ya karɓi kofin da hannu biyu, rabin ruwan ya zube a rigarsa. "Koma bakin aikinka, ga mutum nan ya shigo."

Wajen ƙarfe uku Bahago ya shiga ciki wanke mataji. Da ya fito, benci ba kowa. An tara gashi a kwandon shara, an ɗauraye kofi an kife.

Ya yi wa mutum ɗaya aski bayan haka, kuma shi kansa bai san me ya yi a kan bawan Allah ba. Saura uku a waya. Ya tura musu saƙon ban haƙuri, ya zuba inji da reza da hoda da tawul mai tsabta a jaka, ya ja ƙofa. A cikin bas yana ta jera maganar da zai yi, duk wadda ya jera sai ya ji ta yi kama da lacca.

Gidan Maigida yana hawa na biyu, ɗaki biyu da ɗan baranda mai kallon titi. Ƙofa a buɗe take. Daga falo ya hango su.

Maigida yana zaune a kan kujerar roba, tsohon tawul a kafaɗa. Inna, matarsa, tana tsaye a kansa da reza, tabarau a kan hanci, harshe a waje don tsananin kula. Rabin kan ya fita, rabi yana nan da kumfa. A inda ya fita akwai yanka huɗu, kowanne an manna masa 'yar auduga.

"Wa nake gani, Bahago?" in ji Inna. "Shigo mana. Ka ganni nan, da tsufana an mai da ni mai aski. Ko wuƙar kicin ba ta ba ni wahala haka."

Daga muryarta ya gane Maigida bai faɗa mata komai ba. Wannan ya fi masa ciwo. Ya ajiye jaka, ya durƙusa a bakin baranda.

"Maigida, na yi abin kunya. Ka yafe mini."

"Me ya faru?" Inna ta dubi wannan ta dubi wancan. "Ca ya yi mini layi ya yi yawa."

"Layin ne," in ji Maigida. Ya juyo da rabin kansa mai kumfa. "Tashi, Bahago, ƙasan da ruwa. Ni tsarinka ya burge ni, wallahi. Da a zamaninmu mun san haka, da ba mu ƙare da ciwon ƙafa ba. Da ka ce mini in je in dawo jibi, da na dawo jibi, ba zan ji komai ba. Shara kuma ni na sa kaina. Amma da mutumin nan ya yi maganarsa, na tsaya ina jiran ka. Na daɗe ina jira fa."

Inna ta sauke rezar. Kallon da ta yi wa Bahago ya ishe shi.

Ya miƙe, idonsa ya cika. "Inna, kawo in ƙarasa. Don Allah."

Har ta miƙo masa, Maigida ya ɗaga hannunsa mai rawa.

"Bar mata."

"Maigida, ta yanke ka wuri huɗu."

"Biyar ne, akwai ɗaya a bayan wuya. Na yafe maka, har zuciyata. Amma kan nan na riga na ba ta. Da na dawo ban ko yi magana ba, ta kalle ni ta je ta ɗora ruwan zafi." Ya gyara zama. "In kana son ka yi wani abu, tsaya nan ka gaya mata yadda ake yi. Kullum sai ta zo, gara ta iya."

Bahago ya tsaya a gefen Inna, ya mai da hannuwansa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, don ya san in ya sake su za su tafi da kansu.

"Inna, ki kwantar da rezar, kada ki tsayar da ita. Ki ja fatar da babban yatsa tukuna. Yawwa. Ki bi inda gashin ya kwanta. A hankali, ba sauri."

"Yau kuma ba sauri?" in ji Maigida, idonsa a rufe.

Inna ta ja, gashi ya fita sumul ba jini, ta yi guntun ihu kamar yarinya. Ta sake ja. Aikin da zai gama cikin minti goma sha biyar ya ɗauke ta kusan awa guda, yana tsaye yana faɗa mata, ga kan Maigida nan bai fi taƙi ɗaya daga ƙirjinsa ba.

Da ta gama ta goge da tawul, sai ya hango ɗan gashi ya rage a bayan kunnen dama, bai fi faɗin farce ba. Ja ɗaya ne kawai. Hannunsa ya kuɓuce ya taso.

Maigida ya shafa kansa daga goshi zuwa ƙeya, yatsunsa suka bi ta kan wurin, suka tsaya, suka wuce.

"Ya yi," ya ce. "Sannu da aiki, Innar yara."

"Bayan kwana uku ko?" ta tambayi Bahago tana ɗauraye reza. "Kada ka wahalar da kanka da zuwa, ɗan nan, ga aiki a gabanka. Na gane yanzu, zan iya."

Suka tsare shi sai ya sha shayi, ya sha. Suka tambayi yara da mai ɗakinsa, ya amsa. Sannan ya ɗauki jakarsa yadda ya zo da ita, ko zip bai buɗe ba, ya sauka matakala a hankali yana dafa bango.