Jinin da Bai Kai Ba

A Gangare, in aka ambaci Gwadabe tela sai an biyo da "Allah sarki". Dattawa su ce da can babu mai hannunsa a aikin babbar riga. Masu zaman teburin shayi sun raɗa masa Gobe-da-safe, don amsar da kowa ke samu ke nan in ya je karɓar ɗinki. Mata kuwa sammu suke zargi, wai mutum ba ya daina dariya haka kawai.

Wansa Badruddeen bai yarda da sammu ba. A wurinsa mutuwar zuciya ce, kuma ya ce ya gani da idonsa bara, ranar jana'izar mahaifiyarsu. An ɗaga makara, Gwadabe ya sa kafaɗa, bai yi taku ashirin ba ya janye, ya jingina da bango yana haki. A gaban jama'a Badruddeen ya ce wanda ya kasa kai uwarsa kabari ba jinin gidansu ba ne. Tun daga ranar sai gaisuwa tsakaninsu, ita ma a tsaitsaye.

Ana nan haihuwa ta zo wa Rahma, matar Badruddeen, da gardama. Asibiti suka nemi jini leda biyu, mijin ya ba da ɗaya. Ba wanda ya kira Gwadabe. A masallaci ya ji bayan azahar, ya tari keke ya tafi.

Magadaliya, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ta soki yatsarsa, ta duba na'ura, ta sake dubawa. Ta ja fatar idonsa ƙasa, ta juya tafin hannunsa.

"Oga, kai ne za ka ba wani jini? Naka bai kai ba. Kai ma nema kake."

Ta tambaye shi tun yaushe yake gajiya. Ya ce shekara biyu ke nan ƙafar keken ɗinki take masa nauyi, abinci ba ɗanɗano, hira ba daɗi. Ya ɗauka abin da mutane suke faɗa ne, zuciyar ta mutu. Ta ɗebi jininsa a 'yan kwalabe, ta ce lallai ya dawo jibi.

A baranda Badruddeen ya ga ya fito ba a ɗauki leda ba.

"Nan ma ka janye kafaɗa?"

Gwadabe ya wuce. Wani maƙwabci ne ya cike ledar, Rahma ta tashi lafiya.

Ranar da za a sallame ta, Badruddeen ya tarar da ƙaninsa shi kaɗai a benci, riƙe da takarda. Magadaliya ta ce likita ya buƙaci Gwadabe ya zo da ɗan'uwa, shi kuma ya ce ba shi da wanda zai kira. Badruddeen ya bi shi ciki, Gwadabe bai hana ba.

Likita ya ce gyambo ne a cikin Gwadabe, ya daɗe yana tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan, abin da ya rage bai kai rabin na lafiyayyen namiji ba. Mai irin wannan, tafiya kawai tamkar dakon buhu ce gare shi. Badruddeen ya tambaya ko bara ma haka yake. Likita ya ce da alama ya girmi bara.

Aka ce za a kwantar da shi a ƙara masa jini. Nan take Badruddeen ya naɗe hannun riga. Magadaliya ta girgiza kai, shekaranjiya ya bayar, sai an nemo wani.

Badruddeen ya daɗe tsaye a gefen gadon, hannun rigar a naɗe. Gwadabe yana kallon rufin ɗaki.

"Na so in kai ta, Yaya," ya ce. "Wallahi na so. Ƙafafun ne suka ƙi."

Badruddeen ya cire hula, ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa siminti.

"A gaban mutane na zalunce ka, kuma a gabansu zan maimaita wannan. Gwadabe, ka yafe mini."